Sun ce karatun nas shekara biyu ne, ga ni a ta uku ko allura ban taɓa ba

Maman Ilham, Bronx:
Assalamu alaikum mutanen gida. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, abin ne ya cika mini ciki. Shekara shida ke nan ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu a nan Amurka. A 2023 na nemi wata kwalejin gwamnati don in yi ADN, wato ƙaramin digirin jinya da ake cewa shekara biyu ne mutum ya zama nas. Suka turo takarda sun ɗauke ni. Na yi murna har na aika Kano aka yi wa Hajiyarmu albishir, ta yi sadakar ƙosai. Sai ranar rajista na gane ashe kwaleji ce ta ɗauke ni, sashen jinya bai ma san da zamana ba. Wai sai na gama kwasa-kwasan share fage, na rubuta jarrabawar shiga, sannan in sake nema.

Na yi Turanci da ilimin halayyar ɗan Adam da lissafi, duk na ci da kyau. Anatomi na ɗaya ne ya kayar da ni, C na samu, don a zangon ne Ilham ta yi ta rashin lafiya kuma ina aikin dare. Na nema bana, ba su ba ni gurbi ba. To ga wata makaranta mai zaman kanta ta samu lambata, kullum sai sun kira. Sun ce babu layin jira, babu ruwansu da C ɗina, watan Janairu zan fara, wata 20 na gama. Kuɗin ya haura dala dubu 50, amma sun ce za su nema mini rance. Shekarata 34. In tafi ko in zauna?

Hajiya Nas, Columbus:
Wa alaikumus salam. Kafin kowa ya ba ki shawara, ƙanwata, amsa mini abu uku. Hukumar jihar New York ta yi wa shirin nasu rajista? Suna da shaidar ACEN? Cikin ɗalibansu da suka zauna NCLEX, wato jarrabawar lasisin nas, bara, nawa suka ci a zaman farko?

Maman Ilham, Bronx:
Anti wallahi ban tambaya ba. Mutumin ya ce dai an amince da su.

Hajiya Nas, Columbus:
Wa ya amince da su? Nan ne gizo ke saƙar. Makaranta tana iya samun izinin buɗe ƙofa ta karɓi kuɗi, wannan daban. Izinin da ke ba ɗalibinta damar zama jarrabawar lasisi daga hukumar jinya ta jiha yake fitowa, a New York kuwa ma'aikatar ilimi ta jiha ce ke riƙe da wannan. Ita ACEN ƙungiya ce mai tantance ingancin karatun, kuma ita jami'o'i da yawa ke dubawa ranar da za ki je ƙaro digiri. In wani ya ce miki ADN ɗinsu na da shaidar CCNE, ki tashi ki kama gabanki, don CCNE daga cikakken digiri zuwa sama take tantancewa. Duk waɗannan a intanet suke kyauta, har sakamakon NCLEX na kowace makaranta jihar na bugawa shekara-shekara. Kada ki karɓi amsa daga bakin wanda aikinsa shi ne ya sa ki sa hannu.

Zee, Houston:
Na san za a fara. Da an ambaci makarantar kuɗi sai a ɗauka damfara ce. Ni makarantar kuɗi na yi, ga ni RN, wato cikakkiyar nas mai lasisi, shekara huɗu. Wadda muka fara share fage tare da ita ta tsaya jiran kwalejin gwamnati, sau uku tana nema, ranar da ta samu ni na riga na yi shekara biyu ina karɓar albashi. Ku yi lissafi mana. Hukumar ƙididdigar ayyuka ta Amurka ta ce a watan Mayun 2024 matsakaicin abin da RN ke samu a shekara dala 93,600 ne. Mai kula da tsoho a gida ko rabin haka ba ta gani. Duk shekarar da ta zauna jira, abin da ta yi asara ya kusa kuɗin makarantar gaba ɗaya. Araha ba ta ado, Maman Ilham.

Hajiya Nas, Columbus:
Zee, lissafinki daidai ne ga wadda ta gama ta ci jarrabawa. Wadda aka kora a zango na uku fa? Bashin ba ya bin ta? Kuma wannan 93,600 da ke kika kawo ya haɗa da mai shekara 25 tana aiki a Kalifoniya, ba albashin sabon shiga ba ne.

Zee, Houston:
Ai a ta gwamnatin ma ana kora.

Hajiya Nas, Columbus:
Ana kora, amma wadda aka kora a can ta tafi gida da baƙin ciki kawai. Wadda aka kora a taku ta tafi da baƙin ciki da bashin dala dubu 30.

Ɗan Zongo, Bronx:
Salamu alaikum iyayena da yayyena. Ni ɗan Kumasi ne, bari in sa baki don na ga abin da idona. A watan Janairun 2023 gwamnatin tarayya ta fasa wata harka da ta kira Operation Nightingale. Makarantu uku ne a Florida suka sayar da takardun kammala karatun jinya na bogi fiye da 7,600, kowace a kan wajen dala dubu 15. Mutane suka saya, suka je suka zauna NCLEX, wasu ma suka ci suka kama aiki. Da asiri ya tonu jihohi suka bi sunaye ɗaya bayan ɗaya suna karɓe lasisi. Akwai wanda muke salla masallaci ɗaya da shi, yau ya koma tuƙin Uber, kuɗin adashin matarsa ya tafi. Ban ce makarantar da ke kiran Yaya Maman Ilham irin su ce ba. Amma duk wanda ya ce miki babu jarrabawar shiga, babu duba maki, zo kawai, to ki tambayi kanki me yake sayarwa.

Zee, Houston:
Haba Ɗan Zongo, waɗancan ko aji ba su shiga ba, takarda suka saya. Ni na yi firaktikal a asibiti har ƙafata ta kumbura. Kada a haɗa mu.

Ɗan Zongo, Bronx:
Allah ya huci zuciyarki Anti Zee, ban haɗa ku ba.

Malam Admin:
Jama'a a sassauta. Ni abin da ya tsaya mini a rai kalmar rance ce. Rancen karatu a ƙasar nan da kuɗin ruwa yake tafe, na gwamnati da na banki duka. Na san akwai nau'in na gwamnatin tarayya da ita ke ɗauke ruwan muddin ɗalibi na makaranta da wata shida bayan ya gama, shi ya sa wasu ke karɓa da niyyar biya kafin ya fara hawa. Malamai sun yi magana a kai, wasu sun sassauta saboda lalura, wasu sun ce tun da sharaɗin ruwa na cikin takardar da aka sa wa hannu, a guje shi. Ba zan yanke wa kowa hukunci a nan ba, ta tambayi malamin da ta yarda da shi. Sai dai lalura tana tabbata ne idan babu wata hanya. Shin babu?

Hajiya Nas, Columbus:
Akwai Malam, kuma a ƙofar gidanta take. Kwalejojin CUNY, wato jami'ar birnin New York, masu shekara biyu dala 4,800 ne a shekara ga mazaunin birnin, ko 210 kowane kiredit ga mai ɗauka kaɗan-kaɗan. Tallafin Pell na gwamnatin tarayya yana kaiwa 7,395 a shekara, kyauta ne ba a biya, ga kuma TAP na jiha. Fom ɗin FAFSA ne ƙofarsu. Sannan daga zangon kaka na 2025 jihar New York ta fara biya wa masu shekara 25 zuwa 55 da ba su da digiri kuɗin makaranta da littattafai a kwalejojin CUNY da na SUNY, jami'ar jiha, masu shekara biyu, in dai fannin na cikin waɗanda ake ƙarancin ma'aikata, kuma jinya na ciki. Reconnect suke kiran shirin. Shekararta 34. Ta bar wannan ta je ta ɗauko dubu 50?

Ɗan Zongo, Bronx:
Kuma Yaya, in kamfanin da kike wa aiki yana ƙarƙashin ƙungiyar ƙwadago ta 1199, suna da asusun karatu na membobi. Ki kira su. Mutane da yawa ana cire musu kuɗin ƙungiya duk wata ba su taɓa leƙa ofishin ba.

Maman Ilham, Bronx:
Ina cikin 1199. Ban taɓa sani ba wallahi. Amma ku gane, ba kuɗin ne ya hana ni ba, gurbin ne babu. Ko kyauta ne in ba su ɗauke ni ba me ya amfane ni?

Hajiya Nas, Columbus:
Yawwa, yanzu kika zo inda nake jira. Zauna in gaya miki yadda ake cika kujerun nan, don ni sai da na sha ƙasa sau ɗaya kafin na gane.

Kwalejin al'umma ƙofarta a buɗe take, duk mai takardar sakandare ko GED, jarrabawar da ke maye gurbinta, za ta ɗauka. Sashen jinya kuwa ba zai iya ba, domin kowane rukunin ɗalibai kaɗan sai an ba su malami guda ya bi su cikin asibiti, asibitocin kuma su ke faɗin adadin da za su karɓa. Ga malaman jinya sun yi ƙaranci, don nas mai digiri na biyu ta fi samun kuɗi a asibiti a kan aji. Saboda haka ɗaruruwa ke nema, kujeru kaɗan. Yawancin makarantu ba sa hira da ke, ba su san kina da 'ya mara lafiya ba, ba su san shekara shida kina ɗaga tsofaffi ba. Lambobi suke jerawa daga sama zuwa ƙasa, inda kujera ta ƙare su ja layi. A takarda za su rubuta C ya isa a nema. Gaskiya ne ya isa a nema, bai isa a samu ba. Anatomi da fiziyoloji su ne suka fi nauyi a ma'aunin, ke kuma nan kika samu rauni.

Abin yi na farko, ki je sashen jinya da ƙafarki, ba babban ofishin ɗaukar ɗalibai ba, ki nemi takardar da ta bayyana yadda suke lissafin maki. Ki tambaya in kin maimaita anatomi wanne za su ɗauka. Wasu sabon suke ɗauka, wasu su haɗa biyun su raba, wasu na farkon kawai suka sani. In taku ta ƙarshen ce, maimaitawa ɓata lokaci ne, sai ki kai takardunki wata kwalejin. Na biyu, kada ki sake neman makaranta ɗaya tak. A birninku kaɗai akwai BMCC da Hostos da LaGuardia da Queensborough da Kingsborough da ta Bronx, kowacce da tsarinta da ranar rufe nemanta, wasu ma sai kin yi zango a cikinsu kafin ki nema. Na uku, ki kula da shekarun kwasa-kwasan kimiyya. Makarantu da yawa ba sa karɓar wanda ya wuce shekara biyar, wasu bakwai. Naki na 2023 agogonsa na tafiya.

Da kin zo mini tun kina cikin zangon nan da Ilham ba lafiya, da na ce ki janye daga kwas ɗin kafin ranar da suka yanka. W, alamar janyewa, ba ya shiga lissafin GPA, wato matsakaicin makinki, C kuwa ya zauna daram. Sai dai shi ma in ya yi yawa yana taɓa tallafi. Amma wannan ya wuce.

Maman Ilham, Bronx:
Anti na so in janye. Kunya ce ta hana ni, na riga na gaya wa kowa a gida ina karatun nas.

Zee, Houston:
Wannan kunyar ta kashe mu da yawa. A nan dai na yarda da Hajiya.

Baban Nafissa, Greensboro:
Salamu alaikum. Ku gafarce ni in shigo da tawa. Ni mutumin Maraɗi ne. Uwargidana tana da bak, wato shaidar gama sakandare, daga gida, lakkwal ɗinta duk da Faransanci ta yi. Tana son wannan karatu. Nan North Carolina kiredit dala 76 ne ga ɗan jiha, kuɗin bai fi ƙarfina ba. Turancin ne matsala, da kuma takardunta. Daga ina za mu kama?

Ɗan Zongo, Bronx:
Alhaji, ku fara tambayar kwalejin wane kamfanin auna takardun waje suke karɓa. WES da ECE su aka fi sani, amma kowace makaranta da nata zaɓin, kada ku biya kafin ku ji. Za a nemi fassarar Turanci daga mai fassara da aka yarda da shi. Mu masu WAEC namu da sauƙi, katin duba sakamako ake saya a ba su lambar. In takardun sun ƙi fitowa daga gida, GED ma hanya ce, kuma karatunta zai gyara mata Turanci.

Hajiya Nas, Columbus:
Kuma Alhaji kada ku yi gaggawar TEAS, jarrabawar shiga sashen jinya. Tambaya 170 ce cikin minti 209, kashi huɗu: karatu da fahimta, lissafi, kimiyya, da ƙa'idar Turanci. Mutanenmu na Nijar lissafi da kimiyya ba sa ba su wahala, kalmomin likitanci ma da yawa sun yi kama da na Faransanci. Agogo ne ke cin su a sashen karatu. Makarantu na ƙayyade sau nawa za a zauna, don haka ba a shiga don gwaji. Ta yi ajin Turanci na kwalejin tukuna. Wasu makarantun kuma HESI suke so ba TEAS ba, a duba kafin a sayi littafi.

Abu ɗaya da za ku ji daɗinsa, jiharku na cikin yarjejeniyar lasisi ta jihohi, irin tamu Ohio da Texas ɗin su Zee. Lasisi ɗaya ya ishe ta aiki a jihohi wajen 40. New York ba ta ciki.

Baban Nafissa, Greensboro:
Madalla Hajiya, Allah shi saka da alheri. Wata tambaya, kada ku yi mini dariya. Dole ne ta taɓa maza?

Zee, Houston:
Dole ne Alhaji, gara ka ji yanzu. A makaranta ba ka zaɓen mara lafiya. Za ta yi wa namiji wanka, za ta sa masa robar fitsari. Bayan ta samu lasisi tana iya neman ɗakin haihuwa ko na jarirai ko na yara. Hijabi kam ba matsala, ni da shi nake aiki, ƙarami mai shiga cikin riga don kada ya taɓa ciwo ko wani ruɗaɗɗen tsoho ya ja. Dokar kare haƙƙin jama'a ta 1964 ta hana mai ɗaukar aiki nuna bambancin addini. Ɗakin tiyata ne kawai ke da nasa tsarin sutura.

Malam Admin:
Jinya lalura ce Alhaji, mata sun yi jinyar masu rauni a yaƙi tun zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ku zauna ku biyu ku fahimci juna tun kafin a biya kuɗi, kada sai ta kai tsakiya ka ce ta dawo gida.

Ummi, Kano:
Don Allah ni ban gane ba. Wannan ADN ɗin daidai yake da ND ɗin da ake yi a kwalejin jinya a nan? Ni RN ce, shekara uku na yi a makarantar jinya. In na zo sai na sake shi?

Hajiya Nas, Columbus:
A'a Ummi, ke hanyarki daban. Wadda ta riga ta zama nas a gida takardunta ake aunawa, yawanci ta hannun ƙungiyar auna takardun nas na ƙasashen waje da aka sani da CGFNS, hukumar jinya ta Najeriya ta tabbatar da lasisinta, in jihar da ta nema ta gamsu sai ta zauna NCLEX. Ba sai kin koma aji ba. Ki buɗe wannan a zare na daban don kada mu ɓatar da Maman Ilham.

Abban Khalil, Maryland:
Ina ta karantawa ban yi magana ba. Ni ina ganin duk kun bar babbar tambaya. Me ya sa ADN tun farko? A New York Gwamna Cuomo ya sa hannu a wata doka a Disambar 2017, duk wanda ya zama RN da ƙaramin digiri dole ya kammala BSN, wato cikakken digirin jinya, cikin shekara goma da samun lasisi. Manyan asibitocin birnin kuma masu cikakken digiri suka fi so. Tun 2003 binciken Linda Aiken ya nuna duk ƙarin kashi 10 cikin ɗari na masu BSN a asibiti yana tafiya da raguwar mutuwar waɗanda aka yi wa tiyata da kusan kashi 5, kuma a 2010 Cibiyar Likitanci ta ƙasa ta ba da shawarar a kai kashi 80 kafin 2020. Iska can take kaɗawa. In za ta yi shekara biyu share fage, biyu jinya, ai shekara huɗun ke nan. Me zai hana ta nufi digirin kai tsaye?

Hajiya Nas, Columbus:
Ranka ya daɗe, wadda C ɗaya ya hana ta kujera a ADN, kujerar BSN a jami'ar gwamnati za ta fi mata sauƙi ne? Can ma layin ya fi tsawo, kuɗin ya fi yawa. Kuma NCLEX ɗaya ce, lasisin ɗaya ne, ba a rubuta wa kowa irin digirinsa a kai. Ni da ADN na fara, a gidan kula da tsofaffi, daga baya asibitin da na koma ya biya mini BSN ta intanet ina aiki, shekara ɗaya da rabi. Shi wannan tsarin ai don irinmu aka ƙirƙiro shi. Bayan yaƙin duniya na biyu nas ta yi ƙaranci, wata malama Mildred Montag ta jami'ar Columbia ta kawo shawarar a koyar da jinya cikin shekara biyu a ƙananan kwalejoji, aka fara gwadawa a 1952. Matan aure da masu 'ya'ya da waɗanda shekaru suka ɗan ja, waɗanda makarantun asibiti na kwana ba sa ɗauka, su suka cika azuzuwan.

Abban Khalil, Maryland:
Na karɓa a kan Maman Ilham. Amma bari in faɗi abin da ya same mu don wani ya amfana. Matata tana da digirin kimiyyar sinadarai daga gida. Muka cika FAFSA muna jiran Pell, aka ce ba ta cancanta ba, domin duk mai digirin farko ba ya samu, ko a wace ƙasa ya yi shi. Wani ya ce mu ɓoye digirin, na ce ba da ni ba, takardar gwamnatin tarayya ce. Ƙarshe BSN na gaggawa ta yi, wanda ake yi wa masu digiri, wata 16 ba hutu ba aiki. Mun sha wuya amma ya fi mata ADN.

Ɗan Zongo, Bronx:
Tun da kowa ya kawo hanyarsa, ga tawa. Ni LPN na fara, matakin jinya da ke ƙasa da RN, shekara ɗaya, na ci NCLEX ta masu wannan matakin na kama aiki. Yanzu ina shirin gada, wato karatun hayewa daga LPN zuwa RN. Ta fi tsawo, amma ban taɓa rasa kuɗin haya ba, kuma ban ci bashin kowa ba.

Zee, Houston:
Shekara nawa ke nan kana cewa kana shirin gadar nan, Ɗan Zongo?

Ɗan Zongo, Bronx:
Uku. Anti Zee ba ki da dama.

Zee, Houston:
To ka gani. Da albashi ya fara shigowa, ga 'yan gida na jiran aike, komawa aji sai ta gagara. Shi ya sa na ce a yi a gama. Amma Maman Ilham, tsakani da Allah, ni lokacin da na yi nawa babu mai biya mini kyauta. Da ina da abin da Hajiya ta lissafo miki, da na ƙara zango ɗaya ko biyu ina gwadawa. Har yau dala ɗari shida da wani abu ke fita daga asusuna duk wata. Abin da ban yarda da shi ba shi ne jira mara iyaka. Ki sa wa kanki wa'adi. In kin gyara makin kin nemi wurare uku ba a dace ba, ki nemi makarantar kuɗi mai shaidar ƙwarai ki shiga, kada ki kai arba'in kina share fage.

Hajiya Nas, Columbus:
A kan wa'adi ban ja da ke ba. Sai dai in ƙara mata wani abu da ba wanda ya gaya mini. Samun gurbin ba shi ne ƙarshen wahala ba. Ranar da takarda ta zo za su ba ki 'yan makonni ki kawo binciken laifi, gwajin ƙwaya, katin BLS na ceton numfashi, da shaidar rigakafin ciwon hanta da ƙyanda da ƙarambau da sauransu. Mu da aka haifa a gida yawancinmu ba mu da katin rigakafin yarinta, sai an ɗebi jini an duba, wanda babu a sake yi, na ciwon hanta kuma irin wanda aka saba yi wata shida yake ɗauka. Ki fara yanzu. Gwajin tarin fuka kuma ki ce na jini kike so. Allurar BCG da aka yi mana muna jarirai, mai tabon nan a dantse, tana sa gwajin fata ya nuna kamar akwai cutar alhali babu.

Sannan aikin dare da karatun jinya ba sa zama tukunya ɗaya. Firaktikal ƙarfe bakwai na safe ake farawa, wani wurin shida da rabi, kuma ba ke ke zaɓen rana ba. Makin ci a yawancin shirye-shiryen 75 ne ko sama, faɗuwa biyu a sallame ki. Ita kanta NCLEX tun Afrilun 2023 aka sauya mata fasali, tambaya 85 zuwa 150 cikin awa biyar, labarin mara lafiya za a ba ki a ce me za ki fara yi. Hadda ba ta fitar da mutum. Ki zauna da Baban Ilham ku yi lissafin yadda gida zai tsaya in kin rage aiki zuwa kwana biyu a mako.

Maman Ilham, Bronx:
Na dawo. Jiya da na tashi aiki ban kwanta ba, na bi abin da Anti ta ce. Makarantar da ke kirana tana cikin jerin jiha, amma ban ga sunanta a shafin ACEN ba, kuma sakamakon jarrabawarsu na bara bai yi mini daɗin gani ba. Da mutumin ya kira yau na tambaye shi cikin waɗanda suka fara tare mutum nawa suka gama, ya ce zai bincika ya kira ni. Har yanzu shiru, shi da ke kira sau biyu a rana.

Na je sashen jinya kuma. Sun ce ana maimaita kwas ɗaya sau ɗaya, kuma sabon makin suke ɗauka. Na yi rajistar anatomi na watan Janairu, Talata da Alhamis, biyar da rabi na yamma zuwa tara. Baban Ilham ya yarda in bar aikin dare, amma shi sai goma yake shigowa da mota. Na sa wa kaina zango biyu kamar yadda Anti Zee ta ce. Hajiyarmu ce ban san yadda zan gaya mata ba.

Hajiya Nas, Columbus:
Ki ce mata an ƙara wa karatun tsawo, ta ci gaba da addu'a. Ba ƙarya kika yi ba. Littafin TEAS ɗina na nan wanda ɗiyata ta gama da shi, turo mini adireshi ta akwatin sirri.

Ɗan Zongo, Bronx:
Yaya, Talata da Alhamis ɗin nan ki kawo Ilham wajen matata, ba nisa tsakaninmu. Ta ce ki haɗo ta da abincinta kawai, don namu da yaji.

Zee, Houston:
Kai kuma ka bi ta ku yi rajistar gadar taka a ranar.